Inabin da Ake Binnewa da Ransa

Asubar fari muka tashi daga unguwarmu Al Warsan a Dubai, mu uku a tasi ɗaya: ni da 'yan mata biyu na ofishin kago da nake tura kaya ta hannunsu a Al Sabkha. Su suka haɗa tafiyar, wai kuɗin tikitin Armeniya ya faɗi, za su je ganin dusar ƙanƙara. Ni bin su na yi don gidana ya ishe ni. Tun da mijina Alhaji ya rasu bara, ba mai amsa mini sallama a ciki, sai ƙugin firji da inabin da ya bar mini a baranda.

Inabin nan shi ne damuwata, gara in faɗa muku tun yanzu. A kasuwar shuke-shuke ta unguwarmu ya sayo shi, ya dasa a ƙatuwar tukunya, yana cewa sai mun ci 'ya'yansa. Bai ci ba. Bayan rasuwarsa na kama ba shi ruwa safe da yamma, ban yarda a tsinki ko ganye ɗaya ba. Sai ya yi ta miƙa siraran rassa kamar igiyar shanya, ganyen yana rawaya yana zuba. Da zan fita na bar wa maƙwabciyata makulli, na ce ko abincin mijinta za ta manta, kada ta manta ruwan inabina.

Kafin azahar muka sauka Yerevan, babban birninsu. Sanyin can ba irin na esi ba ne da mutum zai miƙa hannu ya kashe. Rubutunsu kuwa, ni da na koyi boko da girmana a ajin manya, da ƙyar na kama na Turawa, sai ga wasu baƙaƙe kamar ƙugiyoyin mahauta. Na haƙura da karatu. Abinci da araha, kuɗin shawarma ɗaya a Deira zai saya miki burodinsu mai faɗin dardumar salla, da cuku, da shayi. Nama ban taɓa ba, ban san wa ya yanka ba. 'Yan matan nan aikina a wurinsu ɗaya ne: “Hajiya, ɗauke mu a nan.” In mun zauna cin abinci kowace ta kama waya tana dariya da wani. Ni ma sai in riƙe tawa, don kada hannuna ya zauna haka nan.

Washegari muka ɗauki hayar mota zuwa ƙauye. Direban haifaffen Halab ne, can ƙasar Larabawa, yana jin Larabci, sai muka lallaɓa da nawa na kasuwa. Hanya shimfiɗe, ga wani dutse fari fat yana bin mu ta taga. A bakin titi ana sayar da wani jan abu cikin robobin lemo. Ƙaramar cikinmu har ta zaro kuɗi, wai ta ga zoɓo. Direba ya ce giyar gida ce. Na ce ta mai da kuɗinta jaka kafin in kira uwarta a Kano.

Can na hango mutane da shebur a gona, sun jera tudun ƙasa dogo-dogo. Na ɗauka kaburbura ne, na tambaya ko annoba aka yi. Ya yi dariya ya ce inabi suke binnewa, surukarsa ma yau take nata. Na ce ya kai ni. 'Yan matan suka ɓata rai, su ƙanƙara suka zo gani. Na ce motar kashi uku ce, kashina can za shi.

Tsohuwar gajeriya ce, da takalmin roba har gwiwa, ita kaɗai a gonar bayan gida. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse birane. Kafin mu zauna ta ɗebo mini giya a kofi daga wata randa da ke nutse a ƙasa. Na ce wa direba: “Gaya mata addinina ya hana ni wannan. Amma na gode, kuma gonar na zo gani.” Ba ta ji haushi ba. Ta ɗaga kafaɗa, ta shanye abinta, ta kawo mini busasshen inabi cike da tasa.

Nata inabin baƙi ne, ƙanana, masu kaurin fata, da fatar ake matse shi, shi ya sa giyar ke yin ja. In an gama tsinka ganye ya zube, sai ta sare yawancin rassan, ta kwance sauran daga jikin wayar da suke bi, ta lanƙwasa su a hankali har ƙasa, ta rufe da ƙasa. In an bar shi a tsaye, sanyi ya tsaga shi. In sanyi ya karye sai a tono. A yi gaggawa, tohon ya ƙone. A yi jinkiri, ya ruɓe.

Sai ta miƙo mini shebur. Na zuba ɗaya, na zuba biyu, sai hannuna ya ƙi. Ranar da aka fita da Alhaji a bakin lif na tsaya, maza suka tafi da shi, ban ga ƙasar da ta rufe shi ba. Tsohuwar ta matso kusa da ni. Ta dafa bayana, ta jira har na gama layin.

Da na nuna mata hoton nawa, ta ƙura ido, ta yi tsaki irin namu sak. Direba ya fassara: “Ta ce ba ta san zafin ƙasarku ba. Amma wannan bai taɓa barci ba. Kina ta tashinsa da ruwa. Ki sare shi, ki bar idon toho biyu a kowane reshe, ki rabu da shi.”

Na ce mijina ne ya dasa.

“Ta ce nata ma. Kuma kowace shekara tana sarewa.”

Ƙanƙarar dai mun je mun gani. Fara ce, da sanyi, khalas.

Da muka dawo Dubai na tarar maƙwabciya ta cika alkawari har ya yi yawa, tukunyar sai warin damshi. Ban cire mayafi ba na ɗauko almakashin kicin. Na yi bisimilla na fara da reshen da Alhaji ya ɗaure da kansa, tsumman yana nan. Na bar ido biyu. Da na gama, kututture ne kawai a gabana, na ce shi ke nan, na kashe abin da ya rage mini. Makonni ina wucewa da buta a hannu ina hana kaina.

Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa. Ruwan da nake zubawa don kaina nake zubawa, ba don inabin ba. Shekaranjiya da na fita shanya, na ga wani ɗan abu ja-ja ya fasa ɓawo a ƙasan inda na yanke. Na juya zan ce “Alhaji, zo ka gani.” Sai na tsuguna na gani ni kaɗai, sannan na je na ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ƙofa.