Glenys da Bishiyar Tsakiyar Gona

A duk garinmu na Young babu mai yawan tambaya kamar maƙwabciyata Glenys Radonich. Shekararta saba'in da huɗu, amma har yau in ka ba ta shayi sai ta tambaye ka inda ganyen ya fito. Ni dai ta sha gajiyar da ni.

Ceri danginta suke nomawa, jajayen 'ya'yan itacen nan masu ƙwallo ɗaya da ke nuna daf da Kirsimeti. Kakansu ya zo daga Dalmatiya haƙar zinariya, bai samu ko ƙwaya ba, sai ya koma dashe. Cikin abin da ya dasa saura bishiya guda a tsakiyar gonar, karkatacciya, 'ya'yanta ƙanana masu ɗaci, ba mai saye. Glenys kaɗai ke ci, wai suna kwantar mata da ciwon gaɓɓai. Likitanta bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Tun tana 'yar shekara tara ta lura cewa bishiyoyin da ke kusa da wannan tsohuwar bishiya sun fi na nesa 'ya'ya. Ta tambayi babanta. Ya ce, "Ba a sare ta." Ta ce, "Ai ba abin da na tambaya ke nan ba." Ya aike ta ɗebo ruwa. Ta yi aure, ta koyar a firamare shekara talatin, ta binne mijinta, tambayar na nan.

Bara ƙanenta Clive, wanda ke riƙe da gonar, ya gaji da ɓarnar fararen aku, ya ce zai rufe gonar da raga. Tsohuwar ta fi ragar tsayi, don haka da an gama tsinka zai kwantar da ita.

"Baba ya ce ba a sare ta," in ji Glenys.

"Saboda me?"

"Ban sani ba."

"To, malama, yau ke aka yi wa tambaya kika rasa amsa. Ki samo mini dalili kafin Kirsimeti, Yaya. In babu, itacen murhu ce."

Tsoro ya kama ta, ta faɗa mini da bakinta. A watan Satumba, kafin fure ya buɗe, ta yanka tsohon labulen falonta ta ɗinka jakunkuna, ta ɗaure su a rassan bishiyoyi masu kyau don kada ƙudan zuma su taɓa. Ni na riƙe mata tsani ina ta mita. Da furen ya buɗe ta ɗauko gashin kaza. Rassan da ta ɗaura wa jan zare ta shafa musu garin furen tsohuwar, masu farin zare kuma garin furen junansu.

Na ce, "Glenys, aikin ƙudan zuma kika ƙwace?"

Ta ce, "Riƙe tsani, maƙwabci, bakinka ba ya riƙe komai."

Farkon Disamba ta kira Clive. Masu jan zare sun sunkuya da 'ya'ya, masu fari sai ganye. Ashe irin da suke nomawa ba ya haihuwa da garin ɗan'uwansa, sai da na baƙo, kuma baƙon shi ne wannan tsohuwar. Clive ya daɗe yana kallo. Ya tsinki ɗaya ya ci, ya tofar da ƙwallon.

"Baba ya san haka?"

"Ina fa. Ubansa ya ce kada a sare, shi ke nan."

Ya je ya dafa jikin tsohuwar kamar mai ba ta haƙuri. Sai ɓawon ya rufta, hannunsa ya shige har wuya. Cikinta duk ya ruɓe. Ni kam na ji tausayin Glenys ƙwarai.

Ita ce ta fara motsawa. Ta zagaya tana duba rassa, ta ɗaura zare a ukun da suka fi lafiya, ta ce da sanyi ya shigo za ta yi wa ƙananan dashe aure da su. Ta ce kuma tana so ta ga ko 'ya'yansu za su yi ɗaci irin na uwar.

Clive ya ce, "Yaya, sai fa shekara biyar kafin su yi abin kirki."

Ta ci gaba da ƙulla zarenta. "Na sani, Auta. In ba na nan, kai ka ɗanɗana mini."