Gonar Firinsifal da Manoman Ostiriya

Har yau idan na ji fartanya ta ci karo da tsakuwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai daminar da muke aji huɗu ta faɗo mini. Daga Saji nake tako ƙafa zuwa sakandare a Rano, kuma duk Laraba da Alhamis, ana gama darasi na biyu, sai a kaɗa mu gonar firinsifal mu yi masa noma. Shi gayya yake kiran abin.

A wannan daminar aka kawo mana sabon malamin tarihi, siriri mai sanyin murya. Ran nan ya shigo ya rubuta 1848 a allo, ya ce shekarar da Turai ta rikice ke nan. Labarin boren birnin Faris bai dame ni ba. Amma da ya zo kan manoman Ostiriya, waɗanda doka ta tilasta wa yin kwanaki suna aiki kyauta a gonakin masu ƙasa, har tura ta kai bango aka soke dokar a shekarar, sai na dubi kantar tafin hannuna. Wallahi raina ya ɓaci. Ashe har Turawa sun san wannan wulaƙancin, kuma sun ƙi shi tun kafin a haifi kakan kakana!

Da Laraba ta zagayo, mu bakwai muka zauna daram a aji. Shida suka sha bulala suka tafi gona. Ni da na buɗe baki na ce ba na zuwa, aka ce in tafi gida, kada in dawo sai da babba, in ba haka ba a cire sunana. Saura mako uku jarrabawa.

Mahaifina ya tafi ci-rani bai dawo ba, don haka kakana ne babba. Tsoho ne mai zafin kai, wanda bai taɓa fashin gayyar kowa ba a ƙauyenmu. Yana jin na ƙi gayya ya jawo sanda, don a gidanmu wannan abin kunya ne. Na ja da baya ina rantse-rantse cewa tilas ake mana a gonar firinsifal. Sai ya dakata.

"Ya aiko ya roƙa?" Na ce a'a.

"Ya dama muku fura?" Na ce ko ruwa.

Ya ajiye sandar.

Washegari ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya saɓa fartanya, muka kama hanya. Ni duk a zatona haƙuri za shi bayarwa. A ofis ya gaida firinsifal a mutunce, har da tambayar iyali, sannan ya jingine fartanyar a jikin tebur.

"Malam, na ji kana gayya, Allah ya yi albarka. Tawa ranar Asabar ce, ga fartanya na kawo maka. In ka zo tawa, jikana zai zo taka, ni ma zan biyo shi. Haka muka gada."

Firinsifal ya yi ta gyaran murya, malamai na leƙe ta taga. A ranar na koma aji, kuma ba a sake kaɗa mu gona ba. Sai dai kafin kaka ta yi, an mayar da malamin tarihinmu wani ƙauye mai nisa. Ko sallama ba mu samu yi da shi ba, kuma wannan yana ci mini rai har gobe.

Yanzu gayya ta ja baya, maganin feshi da 'yan ƙwadago sun karɓi aikin. Kakana ya daɗe da rasuwa. Ni ne malamin tarihi a wata sakandare a Kibiya, kuma ina ganin yadda ake aiken yara ɗibar ruwa gidajen manya ana tsakiyar darasi. Bara shugaban makarantarmu ya ja ni gefe, ya ce in tsallake babin juyin juya halin Turai, wai yana sa yara taurin kai. Na ce masa Litinin zan fara babin, ƙarfe takwas, kuma akwai benci a bayan aji in yana son zama.