Barewa, karyar Attaher

Attaher makiyayi ne a Azagor, shekarunsa sun haura sittin. Bai gaji raƙumi ba. Tumaki mahaifinsa ya bar masa, da karnukan da ke tsaron su, dogaye masu siririn ƙugu. Sau biyu fari yana cinye tumakin yana sake tarawa. Karnukan kuwa, uwa ta bar ɗiya, ɗiya ta bar ɗiya, har aka zo kan Barewa. Ita kaɗai ta rage.

Bara da rani ya tsananta, Attaher ya ga ba shi da nonon ba kwiyakwiyi. Sai ya yi abin da ya ga maƙwabcinsa ya yi: ya sayo allurar tazarar haihuwa ta mata a kasuwa, ya yi wa Barewa, don ta huta shekara guda.

Bayan wata biyu cikinta ya kumbura. Ya ɗauka allurar ce ba ta kama ba. Amma ta bar cin abinci, sai shan ruwa. Dila ya ɗauki ɗan tunkiya tana kwance tana kallo.

Ya ɗora ta a amalanke har Dakoro, wurin Rahma, likitar dabbobi. Ta tattaɓa cikin.

"Baba, ba ciki ba ne. Mugunya ce ta cika mahaifar. Ka yi mata allura?"

"Irin ta mata."

"Haba Baba, ita matarka ce?"

Bai yi dariya ba. Rahma ta ce allurar ce ta jawo, kuma sai an cire mahaifar.

"To ɗiyata, Barewa ta haihu da me?"

"Ta gama haihuwa. In an bar ta haka kuma, ba za ta kai sati ba."

Ta nuna masa a wayarta yadda ake aikin a wasu ƙasashe: huda uku ƙanana, a zura siririyar kyamara. Ita ba ta da wannan na'ura, wuƙa ce da zare.

Attaher ya daɗe yana shafa kan Barewa. Karnukan mahaifinsa yake tunani.

"Cire," ya ce. "Amma ki tsaga kaɗan. Gudu ne aikinta."

Tsagar ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Bayan sati uku Barewa ta koma bayan garke.

Da damina wani ya kawo masa kwikwiya daga Bader Goula, gajera mai faɗin kai. Ya karɓa, ya ajiye ta kusa da Barewa. Har yau bai sa mata suna ba.