Kaneng Mai Ƙirga Matakalar Malta

Ƙarfe bakwai na safe za ka tarar Kaneng ta buɗe ɗan ofishin shirya tafiye-tafiye da ke garin Gaithersburg a nan Amurka, shayi a hannu, waya a kunne, tana tsokanar Raymond, direban da take aiki da shi a Malta. Shekara ashirin da biyu ke nan tana tura mutanenmu yawon buɗe ido zuwa wannan ɗan tsibiri na Turai. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Kana zama gabanta, tambayarta ta farko ita ce, "Yaya gwiwa?" Ranar da ta yi min ita na sha dariya, ni da aikin jinya ya saba min da tsayuwar awa goma sha biyu. Da na je na ga titunan Valletta, babban birnin Malta, matakala kan matakala, sai na haɗiye dariyata. Ashe duk hutun da ta samu can take zuwa, ta bi hanyoyin da ƙafa tana ƙirga matakala tana rubutawa. Otal mai lif, cocin da ke da benci a inuwa, duk suna cikin littafinta.

Bara waccan likita ya gaya wa Baba Bartholomew, tsohon fastonmu, cewa 'yan watanni suka rage idonsa ya rufe. Shi kuwa ya shekara arba'in yana wa'azi kan gaɓar tekun Malta inda jirgin ruwan Manzo Bulus ya tarwatse, bai taɓa ganinta ba. Da ya ce zai je, 'ya'yansa suka ce atafau, ƙafarsa ba za ta iya ba.

Kaneng ta buɗe littafin ta ce, "Baba, na samo maka hanya mai matakala tara kacal. Yaushe idon ya fi gani?"

"Da safe, 'yata."

Nan take ta juya tsarin tafiyarmu, mu mutum talatin, ta mayar da ziyarar gaɓar tekun safiyar farko. Muka yi ta gunaguni kan sammako, ni ce ma kan gaba, Allah ya yafe min. Raymond ya riƙe hannun Baba suka sauka, muna ƙirgawa da ƙarfi. Tara cif! Tsohon nan ya tsaya ya ƙura wa ruwan ido, sai kawai ya ɓarke da waƙa, muka amsa har Turawa suka taru suna tafi.

Kaneng, ke ce kika fara duba ƙafar mutum kafin ki sayar masa da tikiti. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa a wannan sana'a, ku je ku taka hanyar da kanku kafin ku tura tsohon wani.

Ranar Asabar da ta wuce, a walimar sallamarta, aka jawo Baba har gabanta. Ya laluba ya kama hannunta.

"Idon ya rufe, 'yata," ya ce yana dariya. "Amma duk safiya ruwan nan nake gani."