Adireshi Uku a Kan Tabarmata

'Yata ta fari ta zo wankan gida da kwamfuta a cikin jakar kayan jariri. Ina neman zanen goyo sai hannuna ya taɓa wani abu mai sanyi a tsakanin riguna. Na mayar da shi yadda na same shi, ban tambaye ta ba. Ni da ita ba mu saba doguwar magana ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kira. "Ke" nake cewa, ta amsa.

A Accra take aiki, a wani kamfani mai sayen masara da waken soya da ƙwarar kaɗanya daga nan arewa. Na daɗe ina gaya wa mutanen unguwarmu Lamashegu cewa akawu ce, don ban san me zan kira aikin nata ba.

Yaron bakwaini ne. Da aka miƙo mini shi a asibiti, zanen ya fi shi nauyi. Mu Hausawan zango arba'in ake yi, a mayar da mace ɗakinta. Amma mun daɗe cikin Dagomba, mun ga yadda suke riƙe 'yarsu bayan haihuwar fari har sai yaro ya yi ƙwari, kuma ni nasu ya fi kwanta mini a rai. Mijinta ya yarda, Allah ya saka masa. Kamfani ne bai san wannan ba. Da hutun haihuwa ya ƙare, manajarta, wata mata da muryarta kaɗai na sani, ta ce akwai aikin da ba zai jira ba. Idan aikin ya yiwu daga Tamale, to za a bar ta ta zauna. Idan bai yiwu ba, ta hau mota ta koma ofis. Komawa kuwa na nufin a kai yaron gidan raino tun safe har yamma, a hannun waɗanda ba su san yadda numfashinsa yake sauyawa in ya ji sanyi ba.

Ranar da ta gaya mini haka ina shafa masa man kaɗe. Na ce, "Wane irin aiki ne?" Ina jin wannan ne karo na farko da na tambaye ta.

Ta ce kamfaninsu yana da wani shafi a intanet, wuri ɗaya da dukan ma'aikata suke ajiye takardunsu, su yi aiki tare a kai ko suna nesa da juna. Ita ce mai kula da hanyoyin shiga wurin. Kowace hanya tana da adireshinta, wato rubutun da ake bugawa a saman waya ko kwamfuta. Akwai adireshin waɗanda ke zaune a cikin ofis. Akwai na waɗanda ke waje, masu yawon ƙauyuka da sikeli. Yanzu kuma kamfanin ya haɗe da wani ƙarami na nan arewa, mutanensa suna da nasu tsohon adireshi da hannunsu ya saba da shi, kuma ba a so a raba su da shi a tsakiyar kaka. Aikinta shi ne duka ukun su kai mutum wuri ɗaya, kuma duk ta inda ya shiga, ta nan za a ci gaba da amsa masa.

Na ce, "To Allah ya taimaka." Rabin maganar na gane. Abin da na riƙe shi ne yaron zai zauna ko zai tafi.

Ta yi aikin wata Lahadi, ranar da ba kowa a ofis. Ta gwada adireshin nan uku ɗaya bayan ɗaya a kwamfutarta, duka suka buɗe. Har ta ci tuwo da yawa ranar. Washegari tun ina dama koko wayarta ta fara kuka. Masu sikeli ne daga ƙauyuka: fuskar shafin tana buɗewa, amma da sun taɓa takarda sai komai ya ɓace. Manoma na tsaye da buhuna. Dole ta mayar da komai yadda yake a da. Na ji manajar ta waya, ba ta yi faɗa ba, ta dai ce wataƙila nisan ne. Ta ba ta Lahadi ɗaya kuma.

Makon nan gidan ya yi shiru. Tana shayarwa tana kallon bango. Ni kuma ina ta kai mata kunun kanwa, don shi na iya.

A tsakiyar makon muna cin abincin rana sai ta ajiye cokali ta yi dariya ita kaɗai. Ta ce, "Mma, ai ni ina Accra."

Na dube ta. Na ce a raina ko rashin barci ne ya fara taɓa ta.

Ta ce a'a. Kwamfutar nan, da an kunna ta, tana buɗe wata ɓoyayyiyar hanya ta kanta har cikin ofis. Na'urar da ke can, wadda take riƙe da shafin, ɗauka take kwamfutar tana kan teburin ofis. Wayarta ma ta kamfani ce, haka take yi. Shi ya sa duk abin da ta gwada ya buɗe mata: 'yar gida ce ta ƙwanƙwasa. Abin da ba ta gwada ba shi ne yadda baƙo zai gani.

Na kalli kwamfutar. Ga ta a kan tabarmata, kusa da kwanon miyar ayoyo, ƙuda yana tafiya a gefenta. Tafiyar da mota take wuni tana yi, wai wannan abin ya riga ya yi ta yana zaune. Na yi ta maimaita subhanallahi a hankali.

Ta ce, "Baƙuwa nake nema, Mma. Wayar da kamfani bai taɓa gani ba. Taki."

"Ga ta can a kan taga, ɗauki."

"Ba zan iya riƙe biyu ba. Ina sauya abu a nan, ke kina gwadawa a can, ki karanta mini abin da ya fito."

Ni karatun boko da girmana na yi shi, a makarantar manya, bayan na yaye autana. Muna zama a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna taɓa teburi. Na iya karanta katin asibiti da sunan magani, ina rubuta saƙo a waya a hankali. Ban taɓa zaton za a nemi karatuna a aikin kamfani ba.

Ranar Lahadi da hantsi muka zauna a ɗakina. Ta rubuta mini adireshi biyu da manyan baƙaƙe a bayan kwalin sabulu, na masu sikeli da na ƙaramin kamfanin. Na sa tabarau. Maƙwabciyarmu, wata Badagomba mai sayar da tuwon zafi a bakin titi, wadda muka tsufa tare a gidan nan, ta leƙo ta karɓi yaron.

Ta ce, "Oi! Kaka ta zama injiniya. In an biya ki, ki sayo mini moto, babur ɗin nan."

Na ce, "Riƙe mini angona da kyau, kar ki ƙwace shi."

"Wannan? Ko haƙori ba shi da shi. Dai-dai ke."

Na fara bugawa. Harafi ɗaya, in dubi kwali, in dubi waya. Yatsana ya fi gurbin faɗi, sai in taɓa biyu, in goge. Akwai ɗigo a tsakani, kuma 'yata ta gargaɗe ni cewa ɗigon nan in ya ɓata, an ɓata duka. Ba ta gaggauta ni ba. Da na gama na danna, wayar ta yi fari, sai ga kore ya sauko, ga hoton buhuna a jere, ga rubutu. Baƙaƙen da na koya a kan bencin yara ne suka tafi Accra suka dawo mini da wannan, tun ban sauke yatsana ba.

Ta ba ni suna da lambar sirri na gwaji, na shigar. Ta ce, "Yanzu taɓa takardar farko."

Na taɓa. Koren ya tafi. Shafin ya zama fari fat, da wani ɗan hoto kamar fuska ta ɓata rai.

"Ya buɗe?"

A wurinmu ba a kai wa mai shayarwa mugun labari kai tsaye, balle mai goyon bakwaini. Ana tsoron nono ya ɗauke. Duk abin da ya faru, a kan lallaɓa ne, a bari sai ta ci ta ƙoshi. Bakina ya saba da haka tun kafin a haife ta. Na ce, "To, alhamdulillahi. Da sauƙi."

Maƙwabciyata ta leƙa ta kan kafaɗata ta fashe da dariya. "Da sauƙi? Babu komai a ciki kuraa, ko ɗigo! Wayar ta mutu da ido buɗe."

'Yata ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Mma, ba dubiya muka zo ba. Yau marar daɗin nake so. In kika ɓoye mini shi yanzu, gobe masu sikeli za su faɗa wa Madam."

Na ce, "To. Bai buɗe ba."

"Yawwa. Karanta mini abin da ke can sama."

Na duba. Adireshin da na sha wahalar bugawa ba ya nan. Wani ne a wurin, gajere, kalma ɗaya tal. Na ce, "Ba nawa ba ne. An sauya mini." Na karanta mata shi harafi-harafi.

Ta tafa hannu har yaron ya zabura. Ta ce shi ke nan, ta kama shi. Wannan gajeren shi ne adireshin cikin ofis. Na'urar tana karɓar baƙo ta ƙofar waje, amma da ya nemi takarda sai ta tura shi ta hanyar 'yan ciki, hanyar da wayarsa ba za ta taɓa samu ba. Ba a gaya mata sarai ba cewa wanda ya zo da adireshin waje, da adireshin waje za a amsa masa.

Yaron ya fara kuka, aka miƙa mata. Ta sa shi a nono da hannun hagu, hannun dama yana kan kwamfuta. Na zauna ina kallon yatsun nan. Ni na yanke musu farce suna ƙanana. Yanzu ga su suna ba wata na'ura umarni a garin da ban taɓa kwana ba, ita kuma tana bi.

"Sake gwadawa."

Na sake, tun daga farko. Takardar ta buɗe, layi-layi, sunayen ƙauyuka, har na ga Gbalahi a ciki, inda ƙanwata take aure. Na dubi sama ba tare da an ce in duba ba. Na ce, "Nawa ne. Yana nan."

Adireshi na biyu ya fi ba mu wuya. Da na buga shi sai jan rubutu ya fito. Wannan karon ban lallaɓa ba, na ce, "Ja ne, kuma da yawa." Ta ce akwai wata shaida da ke tabbatar wa waya cewa shafin na gaskiya ne ba na ɓarayi ba, kuma ba a sa sunan ƙaramin kamfanin a cikinta ba. Wannan ba a hannunta yake ba. Ta kira wani abokin aikinta, aka ce yana coci. Muka jira. Na yi azahar, na daɗe a kan sallaya. Maƙwabciyata ta tafi ta dawo da tuwo, ta ce injiniyoyi ma suna ci. Sai wajen la'asar mutumin ya kira, suka yi ta Turanci, sannan 'yata ta ɗaga mini kai. Na buga. Kore ya sauko. Na taɓa takarda, na taɓa wata, na taɓa wata kuma, don kaina, ina duban sama kowane karo.

Ranar Litinin na dama koko kunnena yana kan wayarta. Ba ta yi kuka ba. Da rana 'yata ta ɗaga kai ta kira ni, "Mma, zo ki gani." Wani dogon jeri ne yake tafiya a kwamfutar shi kaɗai, yana hawa sama. Ta ce kowane layi mutum ne ya shigo. Wannan daga ofis. Wannan mai sikeli ne, ta adireshin waje. Wannan na ƙaramin kamfanin ne, bai ma san an taɓa komai ba. Ta buɗe wata takarda, na ga lambobi suna fitowa da kansu, ba wanda ya taɓa. Ta ce wani ne yake rubutawa yanzu daga wani ƙauye bayan Yendi, wata kuma a Kumasi tana duba abin da ya rubuta. Na tsaya da ludayi a hannu. Mutane ne masu rai, kowa a ƙarƙashin tasa bishiyar, suna shiga suna fita ta hanyoyin da aka gyara a ɗakina.

Manajar ta kira bayan azahar. Na fita tsakar gida don kar in tsaya mata a ka, amma ban yi nisa ba. Na ji "Yes, Madam" sau da yawa. Da ta fito ta ce an bar ta har bayan babbar salla, daga nan a sake dubawa. Ni har yaron ya fara tafiya na so. Amma kafin babbar salla zai iya zama da kansa, wuyansa ya tsaya, ya fara shan koko. Na ce alhamdulillahi, kuma wannan karon ba lallaɓawa ba ce.

Da yamma na yafa mayafi na tafi wurin kafinta a bakin titi. Na ce teburi nake so, gajere, wanda mutum zai zauna a ƙasa ya yi aiki a kai ba tare da ya sunkuya ba, kuma a goge gefensa sosai kar ya karci kowa. Na nuna masa tsayin da hannuna.

Ya ce, "Hajiya, jikan naki har ya isa makaranta?"

Na ce, "Na uwarsa ne. Za ta daɗe, ka sa katako mai kyau."