Iyatu da Saniyar da ke Kallon Kufai

Wanda ya bi hanyar ƙafa daga Ruma zuwa Batsari da hantsi, in ya zo daidai katangar makarantar Mishan, zai ga shanun laka jere a kanta suna shan rana. Duk suna kallon filin da yara ke wasa, sai guda ɗaya a ƙarshen jeri. Ita wannan kullum ta ba makaranta baya, tana kallon kukokin kufai.

Iyatu ce ke ajiye ta. Tun lokacin da ake ɗibar samari zuwa yaƙin Bama take riƙe da ƙananan yaran majami'a, waɗanda ba su isa shiga aji ba. Kafin su iso ta riga ta share fili, ta ɗebo laka a kududdufi, ta kwaɓa, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ba ta da bulala. Da 'ya'yan tsamiya yaranta ke koyon ƙirga, baƙaƙe kuwa a rairayi suke zana su da yatsa, sannan su mulmula su da laka. Iyaye kan yi ƙorafi, su ce sun aiko yara karatu, an mayar musu da su da laka har kunne.

"Ɗan akuya ma da tsalle yake koyon tafiya," in ji ta.

Filin da aka ba Mishan ba wanda yake so. Bayansa kufan wani gari ne da agana ta cinye tun zamanin kakanni, yara kuma suka fi mutuwa. Mata masu zuwa itace sun ce in rana ta take tsaka ana jin tafi da 'yar dariya a cikin kukokin, kamar ana gaɗa. Iyatu ba ta taɓa cewa ta ji ba, ba ta kuma taɓa musawa ba. Abin da aka sani, da inuwa ta fara shigewa ƙarƙashin ƙafa take tattara yaranta cikin rumfa.

Wata shekara Sauda, wata Bamagujiya daga bayan Ruma, ta kawo ɗanta. Ta binne huɗu kafin shi, saboda haka aka tsaga masa kunne irin na ɗan wabi, aka kuma ƙi raɗa masa suna. Ya shekara huɗu ana ce masa Jinjiri, bai taɓa furta kalma ba.

"Ga shi nan, Iyatu, ki riƙe mini in je gona," in ji Sauda. "Ba nawa ba ne, aro ne. Amma kada ki bar shi ya yi wasa. In ya yi, na kufai za su ji, su kira shi."

"Yaya Sauda, wanda aka hana wasa a gida ai waje zai nema."

Ta ajiye masa curin laka a gabansa, ta yi kamar ba ta gan shi ba. Da ya sa hannu, shanu biyu ya gina. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗora a kan katanga tana kallon kukoki. Haka ya riƙa yi kullum. Baturiyar Mishan ta gani, ranta bai so ba, ta tambaya ko tsafi ne.

"Ba tsafi ba ne, Uwargida, ladabi ne," in ji Iyatu. "Yaro ba ya cin abu a gaban yaro bai gutsura masa ba."

Abin da ya faru da bazarar nan, Maude ɗan garuwa ya gani da idonsa, har yau kuma in yana faɗi sai ya rage murya. Rana ta take, ko ganye ba ya motsi, kurciyoyi sun yi tsit. Yaran da ke cikin rumfa suka daina surutu lokaci guda, suka juya kai gefe ɗaya. Iyatu ta bi idonsu. Jinjiri ne ya tsallake katanga, saniya a kowane hannu, yana tafiya a natse kamar wanda aka aika.

Iyatu ta miƙe. Da gudu kaɗan za ta cim masa. Amma ta san in ta kamo shi yau, gobe zai tafi, ko jibi, ranar da idonta ya kauce. Sai ta fito da yaran cikin ranar nan, ta sa suka yi da'ira, ta bar gurbin mutum ɗaya kusa da ita. Ta ɗauki waƙa, yara suka kama tafi.

Maude ya ce yana tsaye da tulunsa kusa da kukoki sai ya ji an amsa tafin daga ciki, ƙananan hannaye, suna bin na makaranta a baya kaɗan. Yaron ya tsaya daidai bakin inuwa. Iyatu ba ta kira shi ba. Ta ƙara murya, ta miƙa hannu ɗaya cikin gurbin nan, ta bar shi a buɗe.

Jinjiri ya durƙusa, ya ajiye saniya guda a gindin kuka. Nan Maude ya fara jin muryarsa.

"Ga taku," in ji yaron. "Ana jirana."

Ya juyo, ya zo ya sa hannunsa cikin nata, sanyi ƙalau kamar ruwan randa. Kafin kaka Sauda ta yanka akuya, ta sa masa suna Sammani. Shi ne maginin da ya ɗora sabon ɗakin makarantar bara, da tsagar kunnensa. Daga ranar da ya juyo daga bakin kukokin bai sake gina saniya ta biyu ba. Iyatu ce ta karɓi aikin. Da la'asar ba a tarar da saniyar a kan katanga. Mai bisharar majami'a ya ce 'ya'yan makiyaya ne ke ɗauka, ita dai ba ta taɓa tambaya ba.

Iyatu, uwar 'ya'yan wasu, inuwar tsamiya. Ke ce kika tsaya a rana da hannu a buɗe. Ke ce kika gane ba a riƙe yaro da igiya, sai da wurin da ya san in babu shi za a ji. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma da aka damƙa wa ƙananan yara, a majami'a ne ko a zauren malam ko a tsakar gida, ku bar musu laka, ku bar musu gurbi.

Makon jiya aka yi taron sallamarta, don ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Tun da safe mata suka tsare ta da kwalliya, suka zaunar da ita a kujera cikin rumfa. Sammani ya miƙe yana magana, Sauda na share hawaye da bakin zane. Iyatu kuwa katanga take kallo. Shanun yara na jere, ƙarshen jeri babu komai, inuwa kuma ta fara shigewa ƙarƙashin ƙafa. Ta dafa kujera ta miƙe, ta ɗaga jiƙaƙƙen tsumman nan, ta gutsuri laka. Ana ta yi wa Sammani tafi, ita kuwa ta bi ta bayan rumfa, tana mulmulawa a tafin hannunta.