Kawu Sale da Kariyarsa Mai Tumbi

Ƙwas! Ƙwas! Ƙwas! Ina tankaɗe a madafa na ji wannan ƙara. Na leƙa, sai ga Kawu Sale a kan tabarma yana huda gindin gwangwanayen madara da ƙusa. Ku da kuka san shi kun san bai taɓa yar da gwangwani ba, ko a gidan suna ya gani sai ya zura a aljihu. Ƙanin mahaifiyata ne, tun da ya bar tuƙin motar dankali yake zaune da mu a unguwar Gangare, cikin Jos.

"Kawu, awo za ka fara?"

"Shuka zan yi, 'yar nan. Kariya, itacen nan mai jan fure."

Ya kwance wani ƙulli, ya nuna mini 'yan tsinkaye masu gashi kai da gindi kamar audugar rimi. Wai iri ne. Kafin in ce uffan atishawa ta ƙwace mini, rabinsu suka tashi sama. Wayyo! Da rariya muka dinga farautarsu a tsakar gida, yana ihu, "Ga shi can! Kar ki taka mini jika!"

Da muka zauna na ce, "Wai cin ta ake yi?"

"Guba ce."

"To inuwa fa?"

"Sai dai ga ƙadangare."

"Ikon Allah! To me ake yi da ita?"

"Kallo," in ji shi, kamar ni ce mai abin mamakin.

Ngo Kaneng, mai sayar da furanni a Gada Biyu, ita ta ba shi irin. Da ta leƙo ta ga gwangwanaye a jere, ta ce, "Oga Sale, bar wahala mana. Ka yanki reshe ka dasa, nan da nan zai yi fure."

"Ngo, ta reshe ba ta yin tumbi. Ta iri ce gindinta ke kumbura kamar tulu. Ni tumbi nake so."

Ta dube shi sama da ƙasa, mutum kamar sillen kara, ta ce, "Ka fara nema wa kanka tukuna."

Suka tsiro kuwa, kore shar. To kun san gidanmu, duk wanda ya gama alwala sai ya juye sauran ruwan buta a gindin shuka don neman lada. Ashe wannan ruwa ne ajalinsu. Suka dinga ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, Kawu na zargin tsutsa, har ran da ya kama maƙwabcinmu Malam Hadi da buta a karkace.

"Malam! Me ta yi maka?"

"Lada nake nema, Sale."

"Je ka nema a gindin gwanda! Wannan azumi take yi."

Malam ya dube ni, na dube shi. Wallahi a duk karatuna ban taɓa jin halittar da shayar da ita laifi ne ba.

Guda ɗaya tak ta tsira. Ita yake fitarwa hantsi kullum, ga ruwan Jos ba ya sallama. Wata rana na dawo daga cefane na tarar da shi tsaye ana tsuga ruwa, ya riƙa wa gwangwani laima, shi kuwa ya jiƙe sharkaf.

"Haba Kawu! Ka shigar da ita ɗaki mana!"

"Yanzu ta fito. In ana yawan ɗaga ta, jiri take yi."

Da sanyi ya kankama, hular sanyinsa ya kifa mata, shi ya ɗaura tawul a ka ya tafi masallaci.

Tumbin bai wuce ƙwan agwagwa ba ciwo ya kwantar da shi. Ko fure ɗaya bai gani ba. Ya kira ni ya ce, "Ga amana. Na san halinki, kar ki kuskura ki tausaya mata."

Ciwon nan bai tashi ba. Da zaman makoki, gida ya cika da butoci, a saman kwaba na ɓoye ta. Yanzu ta zubar da ganye tas. Ngo ta ce barci take yi, maigidana ya ce ta bi ubangidanta. Ni kam ban san wa zan gaskata ba. In ba ta ruwa in kashe ta, in hana ta raina ya hana ni sukuni.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara, ya ba ni ikon riƙe amanarka.

Jiya na sauko da ita, ina durƙushe a kanta ina wannan addu'a, hawaye na zuba, sai autata Nana ta janye gwangwanin gefe.

"Umma, in kuka za ki yi matsa can. Kina ɗiga mata."